Yadda ake gina matakalar dayatonik a kan fiyano

Dayatonik jerin sautuka bakwai ne masu cikakken taki biyar da rabin taki biyu a tsakaninsu, wato do, re, mi, fa, so, la, ti. Samarin da ke koyon fiyano don kiɗan biki a ƙauyukan Bichi ko Gumel sukan iya shi ne kawai idan an fara daga madannin da ake kira C, tunda fararen madannai zalla ake dannawa. Da mawaƙi ya ce a ɗaga masa, sai hannu ya rikice.

Fara da awo. Rabin taki shi ne daga madanni zuwa maƙwabcinsa, fari ne ko baƙi. Cikakke kuwa sai ka tsallake ɗaya. Haddace tsarin matakalar da ake kira mejo: cikakke, cikakke, rabi, cikakke, cikakke, cikakke, rabi.

Yanzu gwada daga D. Zuwa E cikakke ne, lafiya lau. A taki na biyu ake faɗuwa. Mai koyo ya saba ganin fari zuwa fari a matsayin cikakke, sai ya danna F. To, babu baƙin madanni tsakanin E da F, haka ma B da C, saboda haka rabi ne. Dole ka hau F shaf, wato baƙin madannin da ke dama da F. Daga nan G, A, B, sai tarkon ya sake dawowa: C shaf, ba C ba, sannan D. Abin da ke sa kuskuren ya daɗe shi ne kunne. Kiɗan goge da kukuma galibi a kan sautuka biyar yake tafiya, don haka fa da ti ba sanannu ba ne ga kunnen da ya tashi da shi. Rera su da baki kafin ka danna.

A cikin matakala, kowane harafi sau ɗaya yake fitowa. A matakalar F, sauti na huɗu B filat ne, wato baƙin madannin da ke hagu da B. Kada ka ce A shaf, ko da yake madannin ɗaya ne.

Madannin ɗaga sauti da ke jikin fiyano mai lantarki irin Yamaha PSR zai fitar da kai kunya a wajen biki, amma a wajen koyo haramta wa kanka shi. Batir ma tsada gare shi inda babu wuta, gara ka zana madannai a kwali ka yi ƙirgen a can.

Ɗaya matakalar kuwa, wadda ake kira maino, fara ta daga sauti na shida na mejo: A zuwa A a farare. A matakalar mejo, kod (sautukan da ake dannawa tare) na sauti na 1, 4 da 5 mejo ne, na 2, 3 da 6 maino. Na 7 bar shi tukuna.