Yadda Ake Ƙirƙirar Mugun Gunkin Wuta Domin Wasan Labari Na Kan Tebur

Wasan labari na kan tebur wasa ne da mutum huɗu ko biyar ke zama su yi tare, kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da bakinsa, yayin da mutum ɗaya, wato mai jan labari, yake riƙe da duniyar baki ɗaya: garuruwanta, sarakunanta, dodanninta da abokan gabar jaruman. Idan jarumi ya yi yunƙurin wani abu mai wuya, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, sau da yawa mai fuska 20, domin a ga ko ya dace. Wanda ya fi shahara a cikin irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a shekarar 1974. A duniyoyin da ake ƙagawa domin wasan, mutanen cikin labari suna da gumakansu da matsafansu, kuma mugun gunkin wuta yana cikin abokan gabar da masu jan labari suka fi sha'awar ƙirƙira. Matsayinsa matsayin dodo ne a tatsuniya: ƙagagge ne da aka yi domin jarumai su sami abin da za su kara da shi.

Yawancin gumakan wuta da ake kawowa tebur ba sa tsorata kowa, domin an tsaya ga ba su ƙaho da jajayen idanu da burin ƙone duniya. 'Yan wasa kuwa da wuya su haɗu da gunkin ido da ido. Abin da suke gani a kowane zama shi ne mabiyansa. Saboda haka aikin yana farawa daga mutane.

Mataki na farko: nemo dalilin da zai sa mai hankali ya bi shi

Ka tambayi kanka abin da manomi ko maƙeri ko uwar 'ya'ya za su samu idan suka durƙusa wa wannan gunki. Idan amsar ita ce duk mabiyansa mahaukata ne masu son ɓarna, labarin ya mutu tun kafin a fara, domin jarumai za su kashe su ɗaya bayan ɗaya ba tare da wani tunani ba. Wuta ta fi sauran abubuwa sauƙin warware wannan matsala, tun da babu gidan da zai rayu ba tare da ita ba. Da ita ake girki, da ita ake ƙira, da ita ake gasa tukwane, da ita ake jin ɗumi a lokacin sanyi. Muguntar da ta fi kama zuciya ita ce ta wanda ya mallaki abin da kowa ke buƙata, sannan ya sa masa farashi.

Tarihi yana da misalai masu amfani a nan. Mutanen Rum na da sun riƙa yi wa Bulkan, gunkinsu na wuta, biki a ranar 23 ga Agusta, lokacin da zafi ya busar da komai kuma rumbuna ke cikin haɗarin gobara, suna jefa ƙananan kifaye masu rai a cikin wuta domin ta ci su a madadin mutane. Wannan bauta ce ta tsoro, ana biya ne domin a bar mutum ya zauna lafiya. Su kuwa Aztek na ƙasar Meziko, duk bayan shekara 52 sukan kashe kowace wuta da ke ƙasar, su zauna cikin duhu, sai matsafa su hau wani tsauni su kunna sabuwa a kan ƙirjin mutumin da aka yi hadaya da shi, daga nan masu gudu su rarraba ta zuwa gidaje. Wanda ya karanta irin wannan zai gane cewa iko yana hannun wanda ke kunna wutar.

Bari mu gina misali guda mu bi shi har ƙarshe. Sunan gunkinmu Kurzam. A zamanin kakannin kakanni, wani dutse ya yi aman wuta, toka ta rufe rana, amfanin gona ya lalace shekaru a jere, sanyi ya kashe tsofaffi da jarirai. Wannan ba ƙari ba ne ko a duniyarmu, domin bayan fashewar dutsen Tambora na Indunisiya a 1815, shekarar 1816 ta zo wa Turai da Arewacin Amurka da sanyi da yunwa har aka kira ta shekarar da ba ta da bazara. A cikin wannan ƙunci ne wata murya daga ƙarƙashin dutsen ta yi wa mutane tayin wutar da ba ta mutuwa, suka karɓa. Tun daga ranar, duk wata wuta da aka kunna da ƙyastu a ƙasar tana mutuwa kafin ruwa ya tafasa, sai wadda aka ɗebo daga gidan tsafinsa.

Mataki na biyu: yanke farashin, ka kuma tsaya a kansa

Nan ne ya kamata a ɓata lokaci, domin farashin shi ne halin gunkin. Hadayar mutane ita ce abin da kowa ke fara tunawa, kuma saboda an saba da ita, ba ta girgiza 'yan wasa sosai. Ya fi kyau a nemo farashin da mutum zai iya biya yau ya ga kamar bai yi asara ba, sai bayan shekaru ya gane abin da ya rasa.

Ga na Kurzam: sau ɗaya a shekara kowane gida yana kashe murhunsa, ya kai wa matsafa wani abu da yake ƙauna a ƙone, sannan a ba shi garwashi ya koma da shi. Abin da aka ƙone da sunan Kurzam kuwa ana mantawa da shi sarai. Matar da ta miƙa zanen mahaifiyarta za ta wayi gari ba ta tuna fuskar mahaifiyar ba. Maƙerin da ya miƙa gudumar ubangidansa zai ci gaba da ƙira, amma ba zai san wanda ya koya masa ba. Bayan ƙarni biyu, sai ga al'umma mai cin abinci da ɗumi wadda ba ta san tarihinta ba, ba ta kuma tuna cewa an taɓa kunna wuta ba tare da izinin kowa ba. Babu wanda zai yi tawaye a irin wannan ƙasa, tun da hujjar tawayen ita ce abin da aka fara ƙonewa.

Amfanin irin wannan farashi a tebur shi ne yana ba mai jan labari abin nunawa maimakon abin faɗa. Jarumai za su shiga ƙauye su tarar da kaburbura marasa suna, su ga tsoho yana kuka bai san dalili ba, su nemi mawaƙin sarki su tarar ba ya iya lissafa sarakuna fiye da uku. Kafin a ambaci sunan gunkin, 'yan wasa sun riga sun ƙi jininsa.

Mataki na uku: suna, laƙabi da kirari

A zaɓi suna gajere mai sauƙin furtawa, domin sunan da mai jan labari ke tuntuɓe a kansa yakan zama abin dariya. Laƙubba sun fi sunan muhimmanci, kuma ya kamata su bambanta gwargwadon mai magana. Matsafa suna ce masa Uban Garwashi, talakawa don tsoro suna ce masa Mai Gida, maƙiyansa kuma a asirce suna ce masa Ɓarawon Jiya. A rubuta masa kirari na layi biyu ko uku da mabiyansa za su riƙa yi kafin faɗa, kamar a ce: “Ci ka bar toka, mai karɓa ba ya mayarwa.” Idan 'yan wasa suka ji wannan kirari daga bakin wanda suke zaton abokinsu ne, ba sa buƙatar wani ƙarin bayani.

Akwai abin kiyayewa a nan. Kada a ɗauki sunan abin da wasu mutane masu rai suke girmamawa a mayar da shi mugu. Agni, wanda ake dangantawa da wuta, yana da matsayi a addinin Hindu har yau, mabiya Zaradusht a Iran da Indiya suna da ɗakunan ibada da wuta ke ci a cikinsu, wasu 'yan asalin Hawai kuma suna girmama Pele, wadda suke dangantawa da duwatsu masu aman wuta. Haka nan bai dace a jawo sunaye ko siffofi daga addinin waɗanda ke zaune a teburin ba. Kamfanin TSR da kansa, wanda ya fara buga Dungeons & Dragons, bayan ƙorafin iyaye da ƙungiyoyin addini a Amurka a shekarun 1980, ya sauya sunayen shaiɗanun wasan a bugu na biyu da ya fito a 1989. Ƙagaggen suna ya fi aminci, kuma yana barin mai jan labari ya juya gunkinsa yadda ya so.

Mataki na huɗu: tsara mabiyansa, ka raba kawunansu

Ƙungiyar da kowa a cikinta ke da ra'ayi ɗaya ba ta da daɗin wasa. A gidan tsafin Kurzam akwai manyan matsafa masu riƙe da rumbun gawayi da kuɗin shiga, waɗanda ba sa son komai ya canza. Akwai matasa masu zafin kai da ke ganin an yi wa gunkin rowa, suna so a ƙone gari guda domin ya farka ya fito daga ƙarƙashin dutse. Akwai kuma masu ɗaukar garwashi, waɗanda ke bin ƙauyuka da tukunya a kai, mafi yawansu mutanen kirki da suka gaskata cewa rayuka suke ceto, kuma a wani ɓangaren gaskiyarsu ce. Wannan rukuni na ƙarshe shi ne zai fi wahalar da jarumai, domin kashe mai ɗaukar garwashi yana nufin barin ƙauye cikin sanyi.

Kada a manta da maƙwabta. Sarkin ƙasar da ke iyaka da su ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta, yana ta shafa wa nasa ruwa, saboda haka zai iya ɗaukar jarumai haya, zai kuma iya sayar da su idan matsafa suka yi masa tayi mai tsoka.

Alamar gunkin da tufafin mabiya ba sa buƙatar dogon tunani. Tafin hannu shafe da toka ya isa.

Mataki na biyar: mayar da shi dokokin wasa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta wa gunki adadin ƙarfi da rai tun da wuri, domin duk abin da aka ba lamba, 'yan wasa za su fara lissafin yadda za su kashe shi. A bar gunkin ba lamba, a ba mabiyansa. A bugu na biyar na Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 2014, jarumai suna hawa daga mataki na 1 zuwa na 20, kuma sihirin dunƙulen wuta yana yin ɓarnar da ake auna ta da ƙwayoyi 8 masu fuska 6. Wannan ya isa ya hallaka jaruman da ke matakan farko a bugu ɗaya, don haka a ajiye shi ga manyan matsafa, ƙanana kuma a ba su sihirin da bai kai haka ba.

Akwai wata matsala da ba a cika hango ta ba. Da zarar 'yan wasa sun gane cewa duk abokan gabarsu da wuta suke faɗa, za su nemi kariyar da ke rage ɓarnar wuta da rabi, daga nan faɗan ya zama wasan yara. Maganin shi ne a tuna cewa gobara ba da harshenta kaɗai take kisa ba. Hayaƙi yana shaƙe mutum yana kuma hana gani, rufi yana ruftawa, toka mai zafi tana toshe hanya, taron jama'a masu gudu yana tattake wanda ya faɗi. Gobarar Landan ta 1666, wadda ta tashi daga gidan mai gasa burodi, ta cinye gidaje sama da 13,000 cikin 'yan kwanaki saboda iska da cunkoson gine-ginen katako. Faɗan da ake yi a unguwa irin wannan, inda jarumi zai zaɓa tsakanin bin matsafi da fito da yara daga ɗaki, ya fi kowane musayar sihiri armashi.

Sai a buɗe wa jarumai ƙofar jaraba. A bar kowane ɗan wasa ya iya kiran sunan Kurzam a lokacin tsanani ya sake jefa ƙwayarsa, da sharaɗin ya goge layi ɗaya daga tarihin jaruminsa da ke rubuce a takarda: sunan ƙanwarsa, ko garin haihuwarsa, ko alkawarin da ya fito cikawa. A ganina wannan ƙaramar doka ta fi shafi goma na tarihin gunki aiki, domin ɗan wasan da hannunsa ya goge sunan ya san ainihin abin da mutanen ƙauyen suka sha.

Mataki na shida: ajiye hanyar karya shi

Tun kafin zama na farko, mai jan labari ya san raunin gunkinsa, ko da 'yan wasa ba za su gano shi ba sai bayan watanni. Raunin ya fito daga farashin da kansa. Tun da ƙarfin Kurzam yana cikin mantuwa, abin da zai raunana shi shi ne abin da ya tsira daga ƙonewa: wata tsohuwa a bayan tsauni da ba ta taɓa karɓar garwashinsa ba, wadda ke riƙe da wutar da aka gada tun kafin yarjejeniyar, tare da waƙar da ke lissafa sunayen waɗanda suka ƙulla ta. Aikin jarumai shi ne su ɗauko wannan wuta a tukunya, su ratsa ƙasar matsafa da ita ba tare da ta mutu ba, suna kunna murhu gida bayan gida. A rarraba alamun wannan sirri a wurare uku daban, misali a bakin wani mai ɗaukar garwashi da ya tuba, a jikin wani tsohon bango da toka ta binne, da kuma a cikin takardun manyan matsafa, domin 'yan wasa sukan wuce alama ɗaya ko biyu ba su lura ba.