Masu shirin kafa ƙungiyar gama kai ta abinci, ku fara da jami'in gama kai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu son haɗa ƙungiyar gyarar shinkafa ko matsar man gyaɗa, kafin ku ba wani ɗan kwangila kuɗin "rubuta takardu", ku nemi jami'in gama kai na ƙaramar hukumarku. Aikinsa ke nan. Shi zai duba dokokin ƙungiya, ya halarci taron farko, ya kai takardunku ofishin daraktan gama kai na jiha. Doka ta ce aƙalla mutum 10, amma ku zaɓi waɗanda ke biyan zubi ba sai an bi su gida ba.

Sai mai riƙe lissafi. Nan yawancin ƙungiyoyi ke watsewa, wallahi. Ku samu wanda ya iya, ko ɗan Kwalejin Gama Kai ta Tarayya da ke Kaduna, ya koya wa ma'aji rubuta kowane mudu da ya shiga da wanda ya fita, da sa hannun mutum biyu kafin a ciri kuɗi a banki.

Malamin gona kuma ya nuna muku busar da hatsi kafin ajiya. In za ku ƙulla kaya a leda da suna, sai kun samu lambar rajista daga NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.