Yadda nake yi wa hotuna laƙabi da TagSpaces

Sana'ata ɗaukar hoton biki, kuma folda ta daɗe tana wahalar da ni. Hoton amarya ranar kamu, a foldar kamu zan ajiye shi ko a ta masu bikin? Fayil ɗaya ba ya zama wuri biyu sai an kwafe shi. Laƙabi kuwa, wato kalmar da ake liƙa wa fayil don a gane shi wajen nema, ko goma ka ga dama sai ka liƙa masa.

Ka sauke manhajar TagSpaces, akwai ta kyauta, kuma tana aiki ba intanet. Nuna mata foldar da hotunanka suke, ka ƙirƙiri laƙabai, sannan ka ja kowanne ka ɗora kan fayil. Manhajar tana rubuta laƙabin cikin sunan fayil ɗin kansa, kamar haka: amarya[kamu 2023 anbiya].jpg. Abin da ya sa na riƙe ta ke nan. Ko a filashi ka kai hoton wata kwamfuta, laƙabinsa na nan.

Kada ka bar tazara a tsakiyar laƙabi, rabuwa zai yi biyu, shi ya sa na rubuta "an biya" a haɗe, "anbiya". Kuma ka tsaya kan rubutu ɗaya. Na taɓa haɗa "walima" da "waliima", sai da na raba dare ina neman hotunan mutane.