Kafin ka sayi ampilin mota, duba fis ɗinsa

'Yan'uwa, kar wat 3000 da ke jikin kwali ya ruɗe ku. Juya ampilin, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ka karanta lambar fis.

Idan injin mota na aiki, wutar tana kusa da volt 14. Fis mai amfiya 30 sau 14 ya ba ka wat 420, iyakar abin da zai iya ja ke nan. Wani kaso kuma zafi yake zama: ampili nau'in Class AB kusan rabi yake ɓatawa, nau'in Class D ya fi shi tattali. To ina 3000 ɗin? A kasuwar Maradi na ga irinsa, fis ɗaya tal, ɗan kore, wato mai amfiya 30.

In kana da mitar auna wutar lantarki, ka sa ta a volt na AC. Kunna sautin gwaji na 50 Hz, ka auna inda wayar sipika take fita. Volt sau volt, raba da ohm ɗin da ke rubuce a jikin sipika: volt 20 a ohm 4, wat 100 ke nan.

Amma fa na hannu ba a yarda da fis ɗinsa, wasu kan sauya babba. Kuma in ka murɗa har sauti ya fara karcewa, mita za ta nuna fiye da gaskiya.