Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaukar samfur daga gaɓar teku zuwa ɗakin gwaji

Sau da yawa idan sakamako ya fito ba daidai ba, na'ura ake ɗora wa laifi, alhali tun wurin ɗiba samfurin ya lalace.

A fara da lokaci. Ruwan gaɓar teku ba ya zama a hali ɗaya. Cikar teku da janyewarta suna sauya shi, ruwan sama kuma yana kwaso ƙazantar magudanai ya zuba ciki. Iskar oksijin takan yi ƙasa da asuba, ta hau da rana idan tsirran ruwa sun samu haske. Wanda ya ɗiba sau ɗaya ya yanke hukunci a kan dukan gaɓar ya yi gaggawa. A riƙa maimaitawa, a rubuta sa'a da yanayin teku a jikin kowace kwalba, oksijin kuwa a auna shi nan take.

Sai abin da ake nema. Wasu suna ƙirga E. coli, ƙwayar hanji da ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, kamar yadda aka saba a ruwan kogi, amma ba ta daɗewa a ruwan gishiri, sai ruwa mai ƙazanta ya fito fes a takarda. Shi ya sa tun 1986 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ba da shawarar a yi amfani da enterococci, wasu ƙwayoyin hanji da suka fi jure gishiri, a ruwan teku.

Sanyi ma yana da ƙa'ida. Samfurin enterococci a sa shi cikin ƙanƙara ba tare da ya daskare ba, a kai shi cikin awa 6. Amma Vibrio, dangin ƙwayar kwalara, ba ta shiri da sanyi mai tsanani: tana iya kasancewa da rai amma ta ƙi tsirowa a farantin da ake shuka ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji. Nan ne, a ganina, masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna.

A asibiti kuskuren shi ne shiru. Mara lafiya ya zo da gudawa bayan cin ɗanyen abincin teku, ko da rauni da ya taɓa ruwan gishiri, likita bai rubuta haka ba. Ɗakin gwaji ba lallai ya shuka samfurin a farantin TCBS, wanda aka keɓe don gano Vibrio, ba sai an nema. A rubuta tarihin, a ɗiba kafin a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, idan hanya da nisa a sa bayan gidan cikin Cary-Blair, sinadarin da ke adana ƙwayoyin da rai a hanya.

Gwajin PCR, mai gano ƙwayar cuta ta sinadarin gadonta (DNA), kuma yana kama DNA na matattun ƙwayoyi ma, don haka idan ana son sanin maganin da zai yi aiki, sai an shuka.