Yadda za ki sayi hoton furanni ko kayan marmari na ratayewa a falo

Lokacin jeren ɗiyata na fara shiga wannan harkar, don Alhaji ya ce shi dai kar a rataya ma yarinya hoton mai rai, to sai muka koma irin zanen nan da ba mutum ba dabba, furanni a tulu ko tuffa da lemo a faranti. Na asali da yawansu suna gidajen tarihi na Turai, abin da ake sayar mana kwafi ne da inji ya buga, kar wani ya tsuga maki kuɗi wai da hannu aka zana.

Abu na farko 'yar uwa, ki ƙura ma hoton ido sosai kafin ki biya. Masu zanen ƙasar Holan na shekarun 1600 sun iya furanni kamar ki kai hannu ki tsinka, amma sukan saka ƙuda ko malam-buɗe-littafi a kan ganye, wani ma da mataccen tsuntsu ko ƙoƙon kan mutum ko kofin giya a gefe, ni sai da muka iso gida na ga ƙadangare a ƙasan tulun, wallahi raina ya ɓaci don mai shagon ya ƙi amsar hoton da na mayar. In kina son kwanciyar hankali ki nemi furannin nan masu ruwan ɗorawa da Van Gogh ya zana a Faransa a 1888, ba komi ciki sai furanni da tulu.

Ki auna bangon da tef tun daga gida. A saman kujera mai cin mutum uku, santimita 60 da 90 ya yi.

In kuma ke za ki bada a buga maki, gidan tarihin Rijksmuseum na Amsterdam yana barin a sauke hotunansa manya kyauta a intanet. Ki sa a filash ki kai ma mai bugawa, kar ki tura ta WhatsApp haka nan don matse hoton yake, in an buga shi babba sai ya fito dishi-dishi. Ki ce ya fara buga ɗan ƙarami ki ga kalar.

Sai firem, nan ne mutane ke sakaci. Ƙurar hunturun Katsina kin san ta, don haka ni na fi son mai gilashi, kuma ki juya bayansa ki ga an liƙe ko'ina, in da kafa ƙura za ta shige ciki ba ki da yadda za ki goge. Ki duba kusurwa huɗun sun haɗu ba gaɓa a buɗe. In daga Kano za a sako maki a mota a naɗe da kwali a tsayar da shi a tsaye, kar a kwantar a ɗora ma shi kaya.

Wajen ratayewa ƙusa biyu, kuma ba bangon da rana ke duka ta taga ba, ba kuma wanda ke jiƙa da damina ba, na ɗiyata bangon da ke kallon ƙofa muka sa shi.