Yadda ɗalibi zai koyi haɗa kiɗa a kwamfuta a Legas

Da yawa daga kiɗan da ke tashi a danfo da shagunan aski na Legas a yau, mutum ɗaya ne ya haɗa shi a gaban kwamfuta. Ya samo guntayen sauti da aka riga aka naɗa, dukan ganga ɗaya, tafi ɗaya, kaɗawar caki, ya jera su a manhaja har suka tashi kiɗa. Waɗannan guntayen su ne samfur. Ɗalibin da ke jami'ar Legas a Akoka, ko Yabatech, ko LASU a Ojo, zai iya koyon wannan aiki a ɗakin kwanansa ba tare da ya taka ƙofar situdiyo ba. Ga yadda ake bi.

Kayan aiki

Kwamfutar da kake rubuta aikin makaranta da ita ta isa farawa. In kuwa saye za ka yi, ta hannu ma ta wadatar, kuma Computer Village da ke Ikeja cike take da su. Nemi mai RAM 8GB da ma'adanar SSD, Core i5 ko sama da haka. Abin da ya fi waɗannan duka a garin nan shi ne batir. Sa a cire caja a gabanka, ka kunna bidiyo, ka tsaya ka ga yadda yake sauka kafin ka ciro kuɗi.

Sai hedifon mai waya. Na Bluetooth yana jinkirta sauti, ka danna yanzu ka ji daga baya, wannan kuwa yana kashe hannun mai koyo. Manyan sifiku da makirfon situdiyo da madannin fiyano, bar su tukuna.

Manhajar da ta fi yawa a hannun furodusoshin Legas, wato masu haɗa kiɗa, ita ce FL Studio, ta kamfanin Image-Line da ke Beljiyam, wadda a da ake kira FruityLoops kafin a canza mata suna a 2003. Ta gwaji kyauta ce, kana iya fitar da kiɗanka a WAV ko MP3, sai dai aikin da ka ajiye ba zai sake buɗuwa ba sai ka biya. Akwai Ableton Live ta Jamus da ta fito a 2001, akwai Reaper mai gwajin kwana 60, akwai LMMS da ba a biyan ko sisi. Wanda ba shi da kwamfuta ma ya ɗora BandLab a wayarsa, ko GarageBand in iPhone ce. Zaɓi ɗaya ka zauna a kanta. Za a yi maka tayin ta sata a filashi, kuma kowa ya san ana yi, amma ni ba zan zuba irin wannan a kwamfutar da furojet ɗina na ƙarshe yake ciki ba.

Gidaje 16

Kana buɗe FL Studio za ka ga layuka, kowane layi da ƙananan gidaje 16 a gabansa. Layi ɗaya sauti ɗaya ne. Gidan da ka danna ya haskaka, a nan sautin zai buga. Gidaje 16 ɗin nan su ne zagaye ɗaya na kiɗa, wato bugu huɗu, kowane bugu gida huɗu.

Fara saita gudu, lambar da ke sama mai suna BPM, adadin bugu a minti guda. Afrobeats yakan zauna tsakanin 95 da 110, amapiano na Afirka ta Kudu wajen 112, kiɗan house 120 zuwa 128. Sa 104. A layin kik, dukan nan mai kauri da ake ji a ƙirji, danna gida na 1, 5, 9 da 13. A layi na biyu sa busasshen duka, irin na sanda a gefen ganga, a gida na 4, 7, 12 da 15. Kunna ka ji. Wannan tazarar ta uku, uku, biyu, wato daga gida na 1 zuwa 4, zuwa 7, zuwa 9, ita ce ke sa kafaɗa motsi. A layi na uku cika duk gidajen da caki, sannan ka rage ƙarfin wasu, ɗaya da ƙarfi ɗaya a sassauce. Cakin da ƙarfinsa ya zo ɗaya daga farko har ƙarshe, kunne yana ganewa inji ne ya kaɗa.

Yi mako guda kana wasa da layukan nan uku kawai. Cire kik na gida 13, matsar da na 9 zuwa 11, ka ji abin da ya canza.

Inda ake samun samfur

Manhajar tana zuwa da nata, ciki har da sautukan injin Roland TR-808 na 1980 da har gobe ake amfani da su. Shafin Freesound yana da dubbai kyauta, amma kowane sauti da irin lasisinsa, wani sai ka ambaci mai shi, wani ba a yarda ka yi kasuwanci da shi ba. Splice kuma biya ake yi wata-wata. Ciwon da ke kama masu koyo a nan shi ne tarawa: data ta ƙare wajen sauke kik dubu, kiɗa ko ɗaya bai kammalu ba. Ware kik biyar, tafi biyar, caki uku, ka rufe sauran.

Yanko daga waƙar wani kuwa magana ce ta haƙƙin mallaka. Waƙa tana da masu haƙƙi biyu, wanda ya tsara ta da wanda ya mallaki naɗin, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare su duka. Zancen da ake yawo da shi cewa daƙiƙa biyar ba laifi, ba shi da tushe. A ɗakinka yanka duk abin da kake so don koyo. Ranar da za ka ɗora a YouTube, na'urar Content ID tana iya gane shi, kuɗin ya tafi wa mai waƙa ko a toshe bidiyon.

Ga inda ɗan Hausa a Legas ya fi abokan karatunsa gata. Duk furodusan da ke Yaba da Surulere yana da 808 ɗin da kake da shi, amma ba kowa ne zai iya shiga Agege ko Idi-Araba ya gaisa da mai kalangu da harshensa ba. Kalangu tun asali kiɗan mahauta ne, kuma babbar mayankar Legas tana Oko-Oba a Agege, don haka tambaya kaɗan za ta kai ka wurin makaɗi. In an yi biki a unguwa ma, ga masu kiɗan ƙwarya, ga mai gurmi.

Kada ka naɗa a wurin bikin, hayaniya za ta cinye komai. Nemi makaɗin daban, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka faɗa masa gaskiyar abin da za ka yi da sautin, ku yi ciniki, ka biya shi. Zaɓi lokacin da aka kawo wuta, janaretocin maƙwabta sun yi shiru. Ɗaki mai katifa da labule ya fi mai tayil, don ba ya amsa-kuwwa. Kashe fanka, sa waya a yanayin jirgi, ka ajiye ta kamar kamu ɗaya daga bakin kalangun. Sai ka ce, "Baba, a ba ni duka ɗaya-ɗaya, a riƙa ɗan tsayawa a tsakani." Ya buga a sake, ya buga ya matse igiyoyin a hammata muryar ta hau, ya buga ya saki ta sauko, ya ɗan taɓa da gefen gula. Daga ƙarshe ka roƙe shi ya saki hannu na minti biyu. Wataƙila ya yi maka dariya, don bai saba a raba masa kiɗa gunduwa-gunduwa ba.

A gida ka buɗe naɗin a Audacity, manhajar yankan sauti, ita ma kyauta ce. Yanke kowane duka daidai inda ya fara, ba tare da shiru a gabansa ba, in ba haka ba zai riƙa makara a kan kiɗa. Ba kowanne suna, ka ajiye a WAV. Sakin hannun nan na minti biyu kuwa, kana iya ganin ya ƙi zama a gidajenka 16. Ba makaɗin ne ya kuskure ba. Da yawa daga kiɗanmu na gargajiya bugunsa uku-uku yake rabuwa, don haka ka mayar da zagayen gida 12.

Bes da kari

Buɗe allon fiyano na manhajar. In ba ka taɓa karatun kiɗa ba, tsaya a baƙaƙen madannai kaɗai. Muryoyi biyar ne, da wuya su yi karo da juna, kuma kunnen da ya tashi da goge da garaya ya riga ya saba da irin wannan tsani. Rera abin da ke bakinka, ka lalubo shi a allon. Bes, wato murya mai kauri da ke ƙasan kiɗa, ya bi kik, murya biyu ko uku sun isa. Mai son bes ɗin nan na amapiano mai gurnani, yana cikin Fruity DX10 da ke zuwa tare da FL Studio.

Daga zagaye zuwa waƙa

Nan ne mutane da yawa ke maƙalewa, zagaye takwas masu daɗi suna ta juyawa har zangon karatu ya ƙare. Maganin shi ne aro tsari. Jawo waƙar da kake so cikin manhajar, ka ƙirga zagaye nawa ne shiga, nawa baiti, nawa amshi, a ina aka cire kik, a ina ya dawo. Jera naka a kan wannan awo, sannan ka goge waƙar da ka jawo. Tsari kawai ka ara, ba sauti ba. Bayan kowane zagaye takwas wani abu ya shigo ko ya fita, kuma ka bar wa mawaƙi fili, kada kalangu ya yi ta magana a inda murya za ta zauna.

Tacewa

Fara da ƙarfin sauti kawai, kik da bes a gaba, sauran a bayansu. Da EQ, abin rage kauri ko kaifin sauti a manhajar, ka yanke ƙasa da 100Hz daga duk abin da ba kik ko bes ba, a nan ne gurnanin janareta da ya saci hanya ya shiga naɗinka yake ɓuya. Kada mitar ƙarshe, mai nuna ƙarfin kiɗan gaba ɗaya, ta taɓa ja, bar ta wajen -6dB. Fitar da shi ka saurara a sifikar waya, don a nan yawancin mutanenka za su ji shi a WhatsApp da Audiomack. In bes ya ɓace a waya, ɗora masa wata murya a sama da shi. Kunne yana gajiya, kuma hedifon mai ƙara yana lalata shi a hankali, don haka sassauta, ka riƙa hutawa.

Ɗaure wa kanka kammala kiɗa ɗaya kowane mako, ko da bai yi daɗi ba, in ban da makonnin jarrabawa, tunda ba kiɗa aka turo ka yi Legas ba. Danna Ctrl da S ya zame maka jiki, ka kuma riƙa kwafe aikinka a filashi ko Google Drive. Ranar da wani mawaƙi ya ce yana son kiɗanka, ku rubuta yarjejeniya ko da a takarda ɗaya ce: nawa ya biya, shi kaɗai zai hau ko kana iya ba wani, da sunan wa za a rubuta a matsayin furodusa. In da kalangun Baba a ciki, a sa sunansa shi ma.